Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Sanatanmu na Jigawa ta Arewa maso Yamma kan sayen ƙananan bindigogi

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, ya aiki, ya haƙuri da jama'a. Allah ya taya ka riƙo.

Ni dattijo ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, na yi aikin ɗamara shekara da shekaru kafin na ajiye na dawo gida ina ɗan noman gero da riɗi. Abin da ya sa nake rubuto maka shi ne ranar Alhamis da daddare bayan mun dawo daga kasuwar Maigatari muna zaune a teburin mai shayi, sai ɗan ƙanena da bai daɗe da shiga aikin ɗamara ba, ya zo hutu, ya miƙo min wayarsa ya ce Baffa duba ka gani. Bidiyo ne na wani Bature yana harba wata sabuwar fistol ta kamfanin Glock, yaron nan idonsa har ƙyalli yake, ya ce Baffa ai wannan ba ta cijewa, da irinta za a sayo mana da mun huta. Nan fa samari suka ɗauki musu, wannan ya ce Glock, wancan ya ce akwai wadda ta fi ta, ni dai na yi shiru har shayina ya huce don maganar ta taɓo min wani tsohon miki.

Gaskiya yaron bai yi ƙarya ba, kamfanin ya yi suna wajen bindiga mai aminci, amma so nake ka ga ta inda sunan ya fito. Mutumin da ya kafa shi, Gaston Glock, ɗan ƙasar Ostiriya ne, kuma da can ba maƙerin bindiga ba ne, sandunan rataye labule da wuƙaƙe yake yi. Da sojojin ƙasarsu suka tashi canza tsohuwar fistol ɗinsu sai suka gindaya sharuɗɗa masu tsauri, ciki har da cewa a harbi dubu 10 na farko kar ta cije fiye da sau 20, kuma in ta faɗo daga tsawon mita 2 a kan faifan ƙarfe kar ta tashi da kanta. Bindigarsa Glock 17 mai jikin roba, mai cin harsashi 17, ita ta haye, suka ɗauke ta a 1982. Kayan cikinta duka wajen guda 34 ne, shi ya sa kwance ta da goge ta ba wuya. Sojojin Birtaniya ma sai a 2013 suka koma kanta bayan sun daɗe suna riƙe da wata fistol mai suna Browning. Ka ga ranka ya daɗe ba talla ce ta ba ta suna ba, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kuma babban suna ba ya hana matsala. SIG Sauer babban kamfani ne, a 2017 sojojin Amurka suka zaɓi fistol ɗinsa P320, amma a 2017 ɗin dai aka gano tana iya tashi in ta faɗi ta wata fuska, har kamfanin ya ce masu ita su kawo a gyara musu kyauta, daga baya kuma mutane suka yi ta kai ƙara kotu cewa ta tashi ba a taɓa kunama ba, shi kuma kamfanin yana musantawa. Sabuwar bindiga sabuwa ce ko daga gidan wa ta fito.

To ga mikin da na ce maka. Wani dare cikin hunturu, irin buji ɗin nan da ko fitilar mota ba ta ratsa shi, muka bi sawun ɓarayin shanu har bakin wani kwari. Suka buɗe mana wuta, na zaro fistol ɗina na harba ɗaya, na sake jan kunama shiru. Na shafa da yatsa cikin duhu na ji ƙwanson harsashi ya maƙale a bakin mafitarsa, na ja saman bindigar ya ƙi gaba ya ƙi baya, ina kwance rub da ciki ƙasa na shiga min baki ba abin da nake sai salati. Allah ne ya yi da sauran kwana, abokin aikina ya rufa min baya. Da gari ya waye na shimfiɗa tabarma na kwance ta, wallahi abin da na tarar a ciki rairayi ne mai laushi ya haɗu da tsohon mai ya zama kamar ƙullu, sifirin ɗin gidan harsashin kuma ya saki, in ka danna da babban yatsa da ƙyar yake dawowa. Ba zan kama sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, don ko wacce iri ce aka bar ta haka abin da za ta yi kenan, kuma ni kaina na daɗe rabona da in harba ta a filin koyon harbi kafin wannan daren.

Shi ya sa nake roƙonka, duk ranar da maganar sayo wa jami'an tsaro ƙananan bindigogi ta zo gabanku a majalisa cikin kasafin kuɗi, dan Allah ka miƙe ka tambaya a ina aka gwada ta. Ba a ɗaki mai iyakwandishan ba, a kawo ta nan Maigatari ko Babura tsakiyar hunturu, a ba yaran da za su riƙe ta su yi ta harbawa da irin harsashin da za a ba su a bakin aiki, a rubuta sau nawa ta cije, a maimaita da damina lokacin da tsatsa ke cin ƙarfe. Kuma a tambayi ɗan kwangila ina kayan gyaranta, ina sifirin da gidan harsashi na canji, wa zai koya wa masu kula da makamai gyaranta. Muna da DICON, masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, a Kaduna tun 1964, kun kuma sabunta dokarta a 2023, me zai hana a sa hannunta cikin gwajin da samar da kayan gyaran.

Sai horo, wannan shi ya fi damuna. Ita Glock ba ta da makullin gefe da mutum zai murɗa kamar wasu bindigogin, kariyarta tana jikin kunama da cikinta, ma'ana in yatsa ya shiga ya ja to ta tashi. A hannun wanda ya samu horo wannan alheri ne don ba ɓata lokaci, a hannun yaron da bai saba ba kuma yana tsaye a shingen hanya cikin masu babura da mata 'yan kasuwa, Allah ya kiyaye. Kuɗin harsashin atisaye da man bindiga da gidan rataye ta mai rufe kunama su ma a sa su a kasafin tare da kuɗin bindigar.

Akwai kuma maganar ƙirga. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce makamai 178,459 na 'yan sanda ba a san inda suke ba zuwa ƙarshen 2018, kai ka fi ni sanin wannan takarda. Fistol aba ce da ke shiga aljihun riga, mu kuma a bakin iyaka muke da Nijar, ranar kasuwa dubban mutane ke shiga da fita. A dokar makamai ta 1959 fistol tana cikin haramtattun bindigogi, lasisinta sai shugaban ƙasa, amma yaranmu na ƙauye suna kallonta a TikTok kamar sabuwar waya, na ji da kunnena wani yaro a teburin nan yana tambayar nawa take. Duk wadda za a sayo a rubuta lambarta da sunan wanda aka damƙa wa, a riƙa ƙirgawa ana kawo muku rahoto.

Ɗan ƙanen nawa ya koma bakin aiki ranar Asabar, na raka shi har tasha, na ce masa ko wacce aka ba shi ya riƙa kwance ta yana gogewa duk dare kuma kar ya cika mata mai lokacin ƙura. In ka shigo Gumel ranka ya daɗe ka sa a nemo mu tsofaffin ma'aikata, muna da yawa a ƙauyukan nan, mu zauna ko na awa ɗaya ne mu faɗa maka sauran da baki.

Wassalam, naka mai zaɓe daga ƙasar Gumel.