A bar St-Louis ya ci gaba da aikinsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mutumin Garwa ne, ko ƙanƙarar firiji sai da azumi nake saye. Ƙanena da ke Montreal ne ya koya mini kallon wasan hoki na kan ƙanƙara a waya, yanzu kuma shi ke cewa a sallami kocin Canadiens, ƙungiyar hoki ta birnin Montreal a Kanada, wato Martin St-Louis, wai ba shi da gogewa.

Haba! A 2022 ya karɓi ƙungiyar tana can ƙasan teburi, ya zauna da yara sabbin jini yana rainonsu. A 2025 suka shiga zagayen neman kofi, ko da yake Washington ta fitar da su. Rabonsu da kofin Stanley, babban kofin gasar, tun 1993. Shi ya jawo wannan?

Naku,
Mai karatu daga Garwa, Kamaru