Masu Gudun Safe: Ba Kowane Ciwon Ƙafa Ake Kai Wa Mai Ɗori Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani abu da ake sakaci da shi. Duk wanda ya bi ta Dandalin Murtala a Kaduna ko filin sukuwa na Kano da sassafen Asabar zai ga yadda gudun motsa jiki ya karɓu. Ga magidanta masu neman rage tumbi, ga masu hawan jini da ciwon suga da likita ya ce su riƙa motsa jiki, ga matasa masu shirin shiga soja. Abin farin ciki ne. Sai dai jaridu da gidajen rediyo sun tsaya a kan "ku fita ku motsa jiki", ba wanda ke gaya wa mutane abin da za su yi ranar da ƙafa ta ƙi takuwa. Shi ya sa ciwon da ya kamata ya warke cikin mako biyu yake kai wata shida, mutum ya ajiye takalmi ya ce gudu bai karɓe shi ba.

Mafi yawan ciwon masu gudu ba faɗuwa ke kawo shi ba, ɗora wa jiki abin da bai shirya ɗauka ba ne. Kowane taku a guje yana sauke wa ƙafa ɗaya nauyin da ya ninka na mutum sau biyu zuwa uku, wato mai kilo 70 yana dira da kusan kilo 140 zuwa 210, kuma sau dubbai a fita guda. Zuciya da huhu suna sabawa da wuri, cikin 'yan makonni mutum zai ji haki ya ragu. Ƙashi da jijiya kuwa watanni suke bukata. A nan ake samun matsalar: numfashi ya ce ƙara, mutum ya ƙara, ƙwauri da agara ba su shirya ba. Masu horar da 'yan gudu sun daɗe suna ba da shawarar kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100. Wanda ya yi kilomita 20 a wannan makon, na gaba ya tsaya a 22, kuma kada ya haɗa ƙarin nisa da ƙarin sauri da hawan tudu a mako ɗaya.

A fara bambanta tsamin jiki da ciwo. Tsami yakan kama ƙafa biyu, a cikin tsoka, ya fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan gudun, kuma yana sakewa idan an yi tafiya. Ciwo kuwa yawanci gefe ɗaya ne, a wuri ɗaya, yana ƙaruwa da gudu, yana sa ɗingishi. Da zarar mutum ya fara ɗingishi, gudun ranar ya ƙare.

Bari in daɗe a kan targaɗen idon sawu, domin a nan aka fi ɓarna. Titunanmu ga ramuka, ga bakin lambatu, ga duhun asuba. Ƙafa ta gurɗe ciki, jijiyoyin da suka ɗaure ƙashin idon sawu ta waje su yage kaɗan ko da yawa, jini ya taru, wurin ya kumbura. Abin da aka saba yi shi ne a kira wani ya ja ƙafar har ta yi ƙara, a murza da man zafi, a gasa da tsumma da ruwan zafi. Duk ukun ɓarna ne a kwana biyun farko. Ja da murza suna ƙara yaga abin da ya riga ya yage, zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini, kumburin ya ƙaru.

Abin da ya dace ba shi da tsada. A daina gudu nan take. A samu ƙanƙara, ko fiya wata mai ƙanƙara guda biyu, a naɗe a tawul mai ɗan danshi, a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa biyu ko uku, har kwana biyu. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata. A naɗa bandeji mai talewa, a fara daga gindin yatsu a yi sama har a wuce idon sawu, ɗaurin da ɗan yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsa, a kwance shi lokacin barci. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka fara mutuwa, ɗaurin ya matse. In an kwanta a ɗora ƙafar kan matashi biyu ta fi ƙirji tsawo. Amma mai sikila kada ya sa ƙanƙara, sanyi na iya tayar masa da ciwo, haka ma mai ciwon suga wanda ƙafarsa ba ta ji sosai.

Yaushe za a tafi asibiti ɗaukar hoton ƙashi? Akwai ƙa'idar da likitocin birnin Ottawa na Kanada suka fitar a 1992, ana aiki da ita har yau. Idan mutum ya kasa yin taku huɗu a kan ƙafar, ko da ɗingishi ne, a yi hoto. Idan aka danna bayan ƙashin idon sawu, na ciki ko na waje, aka ji zafi a kan ƙashin kansa ba a naman gefensa ba, a yi hoto. Haka nan ƙashin da ya ɗan turo a gefen waje na ƙafa, tsakanin diddige da ƙaramin yatsa, da wanda ya turo a gefen ciki na tsakiyar ƙafa. Ba na raina masu ɗori, sana'a ce ta gado, kuma jama'a sun yarda da su. Amma hannu ba ya ganin cikin ƙashi. Targaɗe ba karaya ba ne, babu abin ɗorawa a cikinsa, kuma ɗaurin kara da aka matse a kan ƙafar da ke ci gaba da kumbura yana iya tsayar da jini har naman ya mutu. Ma'aikatan asibitocin ƙashi, irin na Dala a Kano, sun san ƙafafun da ake kawowa bayan lokaci ya ƙure. A yi hoto tukuna, sannan a yi shawara.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, wato a kwanta wata guda ba a taka ƙafar ba. Bayan kwana biyu ko uku a fara takawa gwargwadon abin da za a iya jurewa, a riƙa juya sawun kamar ana rubuta baƙaƙe da babban yatsa a iska. Idan tsayuwa ta samu, a riƙa tsayawa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, sau uku, safe da yamma, lokacin goge baki ma ya isa. In ya yi sauƙi a rufe ido, sannan a koma kan matashi. Jijiyar da ta yage ta rasa wani abu na sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka, wannan atisaye ne ke maido da shi. Wanda ya tsallake shi, shi ne za ka ji yana cewa ƙafar nan kullum sai ta gurɗe. Ƙaramin targaɗe yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, matsakaici mako uku zuwa shida, babba kuwa watanni.

Sai ciwon ƙwauri, abokin sababbin shiga. Idan zafin ya bi gefen ciki na ƙashin, ya kai tsawon faɗin tafin hannu ko fiye, kuma yana lafawa da hutu, to lodi ne ya yi yawa. A rage gudu da rabi, a sauka daga kwalta da intalok a koma filin ƙasa. Amma idan mutum na iya nuna wurin da ɗan yatsa ɗaya, tsalle da ƙafar yana gagara, zafin yana nan ko a tafiya ko da dare, ana jin tsoron tsagewar ƙashi ne. Hoto sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsaga a mako biyu ko uku na farko, don haka "hoto bai nuna komai ba" ba izinin komawa gudu ba ne. Ana barin gudu mako shida zuwa takwas, wasu wuraren ma fiye, kuma likita ne zai yanke.

Ciwon gaban gwiwa, kewayen ƙoƙo, ana gane shi a saukowa daga bene, a tsugunno, a daɗewar zama cikin mota, da lokacin sauka sujada ko zaman tahiya. Gwiwar ce ke kuka, amma sau da yawa laifin na raunin tsokar ƙugu da cinya ne. A kwanta a gefe a ɗaga ƙafar sama a miƙe sau 15, zagaye uku. A kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwa, a ɗaga ƙugu sama, shi ma haka. A riƙa yi sau uku a mako har mako shida kafin a ce bai yi aiki ba. A kuma gajarta taku a guje, domin dogon taku da ke dira da diddige can gaba yana ƙara wa gwiwa lodi.

Diddigen da ke soka kamar ƙusa a takun farko na tashi sallar asuba, ya lafa bayan 'yan mintuna, wannan jijiyar tafin ƙafa ce. Tana da naci, takan kai watanni. Kafin a sauko daga gado a kama yatsu a ja su sama daƙiƙa 10, sau goma. A riƙa mirgina kwalbar ruwa mai sanyi a ƙarƙashin tafin, a daina yawo ba takalmi a kan siminti, a ajiye silifas ɗin da ya suɗe. Ita kuwa agara, maganin da ya fi shahara shi ne na likitan Suwidin Alfredson, wanda ya wallafa a 1998: a tsaya da gaban ƙafa a bakin matakala, a ɗaga da ƙafa biyu, a sauke diddigen mai ciwo shi kaɗai a hankali, sau 15, zagaye uku da gwiwa a miƙe, uku da gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, mako 12. Idan ciwon a daidai inda agarar ta kama ƙashin diddige yake, a yi a ƙasa mai lebur, kada diddigen ya wuce ƙasa. Wanda kuma ya ji kamar an harbe shi da ƙafa ta baya, ya waiga ba kowa, ya kasa tsayuwa a kan yatsu, agarar ce ta tsinke. Asibiti a ranar.

Akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe a nan. Ciprofloxacin, wanda ake sha barkatai da sunan taifot, yana raunana agara har ta iya tsinkewa, musamman ga waɗanda suka haura shekara 60 ko masu shan magungunan sitiroyid. Mai shan sa ya dakata da gudu, in ya ji ciwo a agara ya koma wurin likita nan da nan.

Maganar magani ita ta fi damuna. Mutum ya biya kemis ya haɗiyi ibuprofen ko diclofenac kafin ya fita, don kada ciwon ya hana shi. Ciwon yana nan, ji ne kawai ya daina, ɓarnar kuma tana ƙaruwa. Ga shi waɗannan magunguna suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, sai a haɗa su da zufar watan Afrilu da rashin ruwa a jiki, ga gyambon ciki da suke tayarwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Idan zafi ya hana barci, farasitamol ya fi aminci, giram ɗaya bayan kowace awa shida ga babba, kada ya wuce giram 4 a yini. Tiramadol kuwa ba shi da gurbi ko kaɗan a wannan sha'ani. Haka allurar sitiroyid a cikin agara, takan kwantar da ciwo na ɗan lokaci ta bar jijiyar da rauni.

Zaman jinya yana da wuya ga wanda ya saba fita, musamman in 'yan tawagarsa suna turo hotuna a WhatsApp kowace Asabar. Ya kwantar da hankalinsa, hutun mako ɗaya ko biyu ba ya rushe abin da aka gina. Keke yana riƙe numfashi ba tare da dira ba, in dai ba ya tayar da ciwon. Ya ci gaba da fita wurin taron ko da tafiya zai yi, ya ci abinci mai gina jiki, wake, ƙwai, nono, kifi, kada ya ce tunda ba ya gudu bari ya rage ci, domin gyaran nama da ƙashi da abinci ake yin sa.

Kafin komawa akwai gwaji biyu: tafiya mai sauri ta minti 30 ba ciwo, da tsalle goma a kan ƙafar da ta yi ciwo. In an ci su, a fara da sassarfa minti ɗaya, tafiya minti huɗu, sau shida, a huta washegari. Kowane mako a ƙara minti ɗaya a gudun a rage ɗaya a tafiyar. A kimanta zafin ciwon daga 0 (babu zafi) zuwa 10 (mafi tsanani). In bai wuce 3 ba, kuma ya lafa kafin awa 24, a ci gaba. In ya wuce, ko aka wayi gari da kumburi, a koma matakin baya. Da hunturu a fara da tafiyar minti 10 kafin gudu. Da azumi, musamman in ya faɗo lokacin zafi, a bari sai awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki.

Takalmi ma a duba shi. Na gudu yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo kuma ba wanda ya san nawa ya ci kafin ya iso. A ajiye shi kan tebur a kalle shi ta baya, in ya karkace gefe, ko cikin tafinsa ya yi tamoji ya mutu, ya gama aiki. A sayi takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa da bakinsa.

Duk ciwon da ya kai mako biyu ana lallaɓa shi bai sassauta ba, a nemi sashen gashin ƙashi na asibiti, waɗanda ake kira fisiyo. Akwai su a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jiha. Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka riƙa gayyatar irin waɗannan ma'aikata a shafinku na lafiya, ko da sau ɗaya ne a wata, su amsa tambayoyin masu gudu da Hausa.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga Kano