Wasiƙa: Auren zumuncin gidan sarautar Sifaniya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya iyali, ya sanyin can? Mu nan lafiya lau alhamdulillah. Tunda kai ma mai son tarihi ne bari in ba ka labarin da ya tsaya min a rai kwanakin nan, na gidan Habsburg da suka mulki Sifaniya.

Mutanen nan da aure suka tara ƙasashe fiye da yadda suka tara da takobi. A 1496 aka ɗaura auren Filibus, ɗan sarkinsu Maximilian, da Juana 'yar sarauniya Isabella ta Kastila a Sifaniya, ɗansu Charles na 5 kuma ya tashi ya gaji Sifaniya da Holan da Ostiriya har da yankunan da Sifaniyawa suka kama a nahiyar Amurka. To da dukiya ta taru sai tsoro ya shigo, kar bare ya auri 'yarsu ya ci gado, sai suka koma tuwona maina, reshen gidan da ke Madrid a Sifaniya na aurar wa reshen Viyana a Ostiriya, na Viyana na aurar wa na Madrid.

Mu ma muna auren zumunci, amma nasu ya wuce inda muka sani, don har 'yar ƙanwa suke aura, abin da addininmu ya haramta, su kuma sai su nemi izinin Fafaroma ya ba su. Ka dubi Mariana ta reshen Viyana, an yi mata baiko da yariman Sifaniya Baltasar Carlos, ya rasu a 1646, sai ubansa sarki Filibus na 4, wanda kawunta ne uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifiyarta, ya aure ta a 1649 tana 'yar shekara 14 shi kuma ya haura 40. Wallahi duk sanda na tuna yarinyar nan sai tausayi ya kama ni, mutumin da ta sani a matsayin kawu kuma surukin gobe shi aka kai ta ɗakinsa, duk don mulki ya zauna a gida.

'Yarta Margarita ma haka aka yi mata, aka kai ta Viyana a 1666 wajen nata kawun Leopold tana da shekara 15, ta haifi 'ya'ya 4, ɗaya ce kawai ta rayu, ita kuma ta rasu a 1673 tana 21.

Sai ƙaninta Carlos na 2, an haife shi 1661, sarauta ta faɗo kansa kafin ya cika shekara 4. Haɓarsa ta turo gaba sosai har haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, tauna abinci ma wahala take ba shi, bai yi magana da wuri ba bai yi tafiya da wuri ba, kullum cikin jinya. Mutanen fada suka ce sammu aka yi masa, aka kawo limaman coci su cire, alhali jini ne da aka yi ta juyawa a gida ɗaya. Ya yi aure sau 2 bai samu haihuwa ba, ya rasu 1700, gadon ya koma hannun jikan Louis na 14 na Faransa, wato baren da aka yi ta gudu, Turai kuma ta afka yaƙin gado daga 1701 zuwa 1714.

In ka karanta ka rubuto min ra'ayinka don Allah. A gaida madam da yara, a gaida Baba in kun yi waya.

Naka a kullum,
abokinka