Wasiƙar godiya ga masu waldar alminiyom na Ƙofar Ruwa da suka ƙera mini bututun iskar injin jirgi

Zuwa ga Maigida da ɗaukacin yaran shagon walda da juyi da ke Ƙofar Ruwa, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, na rubuto wannan wasiƙa ne a fili domin jama'a su san irin aikin da kuka yi mini. Maigida, ka ce kada in sa sunanka ko sunan shago, kuma na cika maka wannan. Amma yin shiru gaba ɗaya ba zai yiwu ba, domin yaba kyauta tukwici.

Ga masu karatu da ba su san zancen ba: ina haɗa ɗan ƙaramin jirgin sama mai mazaunin mutum biyu a gida. Injin da na samu ɗan Kwatano ne, samfurin 13B na Mazda, wanda aka ciro daga mota ƙirar RX-7. Wannan inji ba shi da fistan, ba shi da bawul. Wani Bajamushe mai suna Felix Wankel ne ya ƙirƙiro tsarinsa, kamfanin Mazda na Japan kuma ya fara sayar da mota mai inji irin wannan tsari a 1967. A cikin injin 13B akwai dunƙulen ƙarfe biyu masu kusurwa uku-uku da ke juyawa, kowanne a ɗakinsa, kowane ɗaki yana da girman cc 654, jimla 1308. Masu haɗa jirage a gida, musamman a Amurka, suna son shi saboda ƙarami ne, yana da ƙarfi idan aka kwatanta da nauyinsa, ga shi ba ya jijjiga sosai.

Matsalar ita ce mazubin iskar da ya zo da shi. An zuba shi ne don mota, dogo ne mai nauyi, kuma ba yadda za a yi ya shige ƙarƙashin murfin hancin jirgi. Dole a ƙera sabo da bututun alminiyom mara kauri, guda huɗu, kowanne ya fito daga ƙofarsa a jikin inji ya lanƙwaso ta sama, na ɗakin gaba da na ɗakin baya su zo daidai a tsawo. Ba ado ake nema da daidaiton nan ba. Duk lokacin da ƙofar iska ta rufe, iskar da ke gudu a cikin bututu takan daki ƙofar ta koma baya, tsawon bututun ne kuma ke sa wannan turin ya iso lokacin da inji ke buƙatarsa. Idan ɗaya ya fi ɗaya, ɗaki guda zai ƙoshi, ɗayan ya ji yunwa.

Na zaga da zanena wurare da dama a garin nan. Wasu sun yi dariya, wasu sun ce a yi da faifin ƙarfe a shafa fenti a wuce wurin. Kai kuwa, Maigida, ka karɓi takardar ka dube ta da kyau, sannan ka yi mini tambayar da ba wanda ya yi kafin kai: “Malam, salansar ta wane ɓangare take fitowa?” Da na ce ɓangare guda suke da ƙofofin iska, sai ka girgiza kai ka ce to sai mun nisanta su, mu kuma sa garkuwa a tsakani. Gaskiyarka ce. Hayaƙin wannan inji yana iya haura digiri 800 a ma'aunin Salshiyos, alminiyom kuwa a 660 yake narkewa, ga shi iska mai zafi tana rage wa inji ƙarfi. A nan na san na iso wurin masu sana'a.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lanƙwasa bututun. Siririn bututu idan aka tanƙwara shi haka kawai sai ya karye a gwiwa kamar karan dawa, hanyar iska ta toshe. Na tsaya na ga yadda kuka yi. Babban yaronka ya tankaɗe yashi, ya soya shi a kan wuta har ya bushe ƙarau, domin yashi mai laima idan ya ji zafi a cikin rufaffen bututu tururinsa na iya fasa shi. Ya ɗura yana bubbuga jikin bututun da katako har yashin ya zauna daram, ya toshe bakin biyu da itace. Sai kai ka goga sabulu a wurin da za a lanƙwasa, ka kunna wutar gas kana yawo da ita a hankali. Alminiyom ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe balle ya gargaɗe ka, sai dai kawai ka ga ya zube. Sabulun nan shi ne ma'auninku: da ya yi baƙi, ka janye wuta, ƙarfe ya yi laushi ke nan. Kuka ɗora shi a kan katakon da kuka sassaƙa daidai da gwiwar da ke zane, kuka ja a sannu, bututu ya bi ba tare da ko tamoji ɗaya ba.

Bayan an zazzage yashin ni har na ɗauka an gama. Kai ne ka ce a'a. Ka sa aka wanke cikin kowane bututu da buroshi da ruwan sabulu, aka hura iska, aka zura farin ƙyalle ya fito tas, ka kuma haska da fitilar waya ka leƙa da idonka. Na gaya maka tun farko cewa a kan kowace kusurwar ƙarfen da ke juyawa akwai wani siririn sil mai hana iska zurarewa da ke gogar bangon ɗakin, kuma yashi kaɗan ya isa ya cinye shi. Sau ɗaya na faɗa, ka riƙe.

Waldar argon kuwa da hannunka ka yi ta, ba ka bar wa kowa ba, kuma a kan janareta, don kada wuta ta ɗauke ana tsaka da ɗinki. Farantin da ke manne wa jikin inji ya ɗan karkace bayan walda, kamar yadda alminiyom kan yi in ya sha zafi. Da wani ne sai ya ce gasket zai cike. Ka mayar da shi kan injin gyaran ƙarfe aka share fuskarsa har ta kwanta, sannan kuka toshe bakuna da roba, kuka buga iska da famfon keke, kuka bi kowane ɗinki da kumfar sabulu. Wuri ɗaya ya yi ƙwai, kusa da mazaunin injekta. Ka kankare ka sake, ba ka ƙara mini ko kwabo ba. Kai ne kuma ka kawo shawarar a sa tiyon roba a mahaɗa da maƙali mai riƙe nauyin bututun, saboda jijjiga ce ke tsaga alminiyom a bakin walda. Ka ce mota in ta lalace sai a gangara gefen titi, jirgi fa?

Ranar da muke hira ka tuna mini da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fizis na Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic, har labarinsa ya zaga duniya a 2007. Ka ce tun lokacin kake fatan wani ya kawo maka irin wannan aiki. Ni ma abin yana taɓa zuciyata. Tun a 1925 jirgin sama ya sauka a Kano, kuma ina ganin bai kamata a ce ɗalibanmu na jami'a da na makarantun koyon sana'a suna zane a takarda ba su san akwai hannaye irin naku a bayan gari ba. Ina roƙon malamansu su riƙa kai su irin waɗannan shaguna.

Injin ya tashi a ƙasa, ɗaure a kan ƙafar gwaji, kuma yana zuƙar iska lafiya, ɗakunan biyu suna tafiya tare. Jirgin bai tashi ba tukuna, ba kuma zai tashi ba sai Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ta duba ta ba da izini. Kafin nan akwai sauran aiki: salansa ta ƙarfen silba mai jure zafi, da akwatin matacin iska, domin ƙurar hunturun Kano ba za ta bar inji irin wannan ya daɗe ba idan babu mataci mai kyau. Duka biyun wurinku zan kawo, in Allah ya yarda, don haka ku fara neman ƙarfen.

Maigida, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya tsare maka idanunka da hannunka. Yaran shago kuma Allah ya yi muku albarka, ya nuna mana ranar yaye ku.

Wassalam.

Naku,
Mai haɗa ƙaramin jirgi, daga cikin birnin Kano