Kada a jingine injin mai lafiya don tsohuwar kwamfutarsa ta mutu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili mu ja hankalin masu ɗab'i, masu injin yankan sitika da masu injin aikin zare a nan Kaduna, daga Kakuri har Tudun Wada. Injuna da dama lafiyarsu ƙalau, sai dai manhajar da ke tuƙa su ta zamanin DOS ce ko Windows 98, kuma tana kan kwamfutar da ƙurar hunturu da yawan ɗauke wuta suka gama galabaitarwa. Ranar da kwamfutar ta mutu sai a ce injin ma ya tashi aiki, alhali da sauransa.

Windows mai bit 64 ba ta buɗe manhaja mai bit 16, shi ya sa sabuwar kwamfuta ke ƙin ta. A Linux kuwa, wato wani tsarin tuƙa kwamfuta kamar Windows, akwai manhajojin da ke kwaikwayon tsohon tsari: akwai DOSBox-X da dosemu2 don manhajar DOS, akwai Wine don ta Windows, ga kuma QEMU idan ana son tsohuwar kwamfutar ta dawo ɗungurungum a cikin sabuwa. Amma tun tsohuwar kwamfutar tana da rai a ciro faifanta a kwafe shi da umarnin dd na Linux, a ajiye kwafi biyu a wurare daban. Wannan kam ba aikin gobe ba ne.

Tayar da manhajar abu ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne kafar da ake jona injin. Manhajar DOS ta saba aika saƙo kai tsaye zuwa adireshin kafar, 3F8 ga COM1 (kafa mai fil 9), 378 ga LPT1 (kafar firinta), Linux kuwa ba ta barin kowace manhaja ta taɓa waɗannan adireshi haka kawai.

Idan kafar mai fil 9 ce, wayar da ke haɗa irin wannan kafa da USB ta wadatar. Za ta bayyana da sunan /dev/ttyUSB0. A saka mai amfani da kwamfutar cikin rukunin dialout na Linux, mai ba da izinin taɓa kafar, ya fita daga asusunsa ya sake shiga, sannan a rubuta serial1=directserial realport:ttyUSB0 a fayil ɗin saitin DOSBox. In injin yana cijewa a tsakiyar aiki, a duba ko gudun saƙonsa ya yi daidai da na manhajar. Waya mai guntun FTDI tana jinkirin milisakan 16 daga masana'anta. A mayar da saitin wannan jinkirin, wato latency_timer, zuwa 1. A Linux nau'in Ubuntu 22.04 kuma wani shiri mai suna brltty yana ƙwace waya mai guntun CH340, sai ka ga ta bayyana ta ɓace. Cire shi yana warware matsalar, amma a kula, manhaja ce ta makafi masu karatu da allon Braille, kada a cire ta a kwamfutar da suke amfani da ita.

Kafar firinta mai ramuka 25 ita ce ke cinye wa mutane kuɗi a banza. Wayar USB da ake sayarwa dominta bugun takarda kawai ta iya. Tana fitowa a matsayin /dev/usb/lp0, ba ta ba da damar sarrafa fil ɗaya-ɗaya, don haka ɗan makullin lasisin da ake sokawa a kafar ba zai taɓa amsawa ba. Abin da ake buƙata shi ne katin PCIe, wanda ake sokawa cikin kwamfuta, mai wannan kafa. A loda direbobin Linux na kafar, parport_pc da ppdev, a tabbatar /dev/parport0 ya fito, a shiga rukunin lp, sannan a miƙa wa QEMU shi da -parallel /dev/parport0.

In manhaja ta faɗi da Runtime error 200, saurin kwamfutar ne ya fi ƙarfinta. A rage cycles, wato saitin sauri, a DOSBox.

Akwai inda ba mu ba da shawarar kwaikwayo sam: injin da manhaja ke ƙirga wa motar lantarkin da ke juya shi taku ta kafar firinta. Jinkiri kaɗan sai wuƙa ta kauce, aiki ya lalace. Irin wannan a nemo masa tsohuwar kwamfuta mai kafar asali, a ɗora mata FreeDOS, wato DOS ta kyauta, a haɗa ta da UPS. Gwajin farko kuma a yi shi a kan ragowar kaya, hannu yana kusa da maɓallin tsayarwa.

Wassalam.

Wasu masu gyaran kwamfuta,
Kaduna.