Wasiƙa daga Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum, aminina.

Ya iyali, ya ruwan saman Duwala? Tun da ka fara cin kifin teku ka manta da mu 'yan zafi, ko gaisuwar Sallah ba mu gani ba. Inna ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana nan da hular nan taka mai kama da kwando.

Abin da ya hana ni barci ne ya sa na rubuto. Ranar Lahadi na je kasuwar Pitowa, sai Kawu ya ja ni wani ɗan ƙauye na dangin matarsa. A bayan gidan jauro, wato mai garin, akwai wani tsohon lambu. Wallahi ban san muna da irinsa kusa da mu ba. Mangwaro ne manya, mutum biyu ba sa rungume gindin ɗaya, ga tsamiya, ga lemun tsami da gwaiba, an kewaye su da shingen lalle. Kana shiga zafin rana ya sake ka.

Dattijon da ke kula da shi ya ce kakansa ne ya dasa tun zamanin Jamusawa, kafin sojan Ingila da na Faransa su ƙwace Garwa a 1915. Har yau da jigo yake ban ruwa, da guga da kwarmi, kamar yadda ya gada. Ya ce tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982 ambaliyar Binuwai ta daina cika fadamarsu kamar da, masakwa, dawar nan ta rani, ta ragu, rijiyar kuma kullum ƙasa take yi.

Af, autanku ya sayi babur, yanzu ko sannu ba ya tsayawa yi. Bikin 'yar gidan Hajiya kuma an ɗaga sai bayan kaka, ka san dalili.

To, 'ya'yan dattijon so suke su sayar wa masu gawayi da itatuwan, su shuka auduga. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, suna da bakuna da za su ciyar. Amma itacen da ya haura shekara ɗari ya ƙare a buhu? Raina ya ɓaci ƙwarai. Dattijon ya ce da za a yashe rijiyar a sa injin ruwa mai aiki da hasken rana, kayan lambun rani kaɗai sun isa su riƙe gidan.

Don Allah ka tambayo mini kuɗin injin a can, nawa ne a sefa. Ni da Kawu za mu fara haɗa abin da ya sawwaƙa.

Ka gaishe da amarya da yara.

Naka,
amininka na Garwa