Wasiƙa daga Hanoba zuwa Damagaram

Zuwa ga aminina Malam Isufu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, amma tambayar da ka yi kan ƙanenka Habu da ke son tahowa Jamus ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na ɗauki alƙalami.

Ka san kamfaninmu kayan gyaran mota yake ƙerawa. Wata uku ke nan an rage mana kwanakin aiki, kwana huɗu muke zuwa a mako, gwamnati ke cika mana wani ɓangare na abin da ya ragu a albashi. Ba mu kaɗai ba ne. A Disambar 2024 kamfanin motoci na Volkswagen da ke nan kusa da mu a Wolfsburg ya amince da ƙungiyar ma'aikata cewa zai rage guraben aiki 35,000 kafin 2030. In babba ya yi atishawa, ka san halin da ƙananan ke ciki.

Ni dai yadda na fahimci lamarin, shekaru da dama mutanen nan da kayan aro suke ado, kuma ka san kayan aro ba ya rufe katara. Gas mai araha daga Rasha, kasuwa a Sin, tsaro kuwa Amurka ke riƙe musu. Kafin yaƙin Ukraine ya ɓarke a Fabrairun 2022, fiye da rabin gas ɗin da Jamus ke sayowa na Rasha ne. Da aka rufe famfo, a Satumbar shekarar kuma aka fasa bututun Nord Stream mai kawo gas daga Rasha a ƙarƙashin teku, takardar kuɗin ɗumama ɗaki da ta zo mana sai da na karanta ta sau biyu. A cikin wannan hali kuma suka kashe tashoshin nukiliyarsu uku na ƙarshe a Afrilun 2023. Har yau in aka tayar da wannan magana a wurin shan shayi, sai an raba faɗa.

Ta Sin ce ta fi ba ni mamaki. Waɗanda suka saba sayen motar Jamus yanzu su ke ƙera motar lantarki mai sauƙin kuɗi, har suna kawowa nan. Tarayyar Turai ta ƙara musu haraji a Oktoban 2024, amma Jamus ta jefa ƙuri'ar ƙin amincewa, don tsoron kada Sin ta rama a kan motocinta. Ga kuma dokar Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin motocin fetur daga 2035, wadda masu masana'antu suka dage sai an sassauta. Ba wai ba su yarda da sauyin yanayi ba ne; ambaliyar Valencia ta 2024, a ƙasar Sifaniya, ta kashe mutum fiye da 200, kowa ya gani. Sai dai wanda aikinsa ke rawa ba ya jin wa'azin hayaƙi. Mario Draghi, tsohon shugaban Babban Bankin Turai, ya ce wa ƙasashen Tarayyar Turai sai sun riƙa zuba kusan yuro biliyan 800 a shekara in suna son kamo Amurka da Sin. An yi ta tafi, kuɗin ne ba a gani ba.

Inda kuɗi ya fito kuwa shi ne makamai. A taron NATO na Yunin 2025 suka yi alkawarin kashe kashi 5 cikin ɗari na arzikinsu kan tsaro kafin 2035, saboda Trump ya nuna musu ya gaji da yi musu gadi. Jamus da ta dakatar da aikin soja na dole a 2011, yanzu maganar ta dawo. Maƙwabciyata tana da ɗa ɗan shekara 17, ba ta da zance sai wannan.

Ku ma kuna cikin lissafin, ko da ba ku sani ba. Tun da Yamai ta soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure ta Agadas, ta kuma karɓe mahakar yuraniyom ta Somaïr a Arlit, sunan Nijar ya yawaita a jaridunsu.

To, batun Habu. Kada ya bi ta hamada, don Allah ka riƙe shi. Jam'iyyar AfD mai ƙin baƙi ita ta zo ta biyu a zaɓen Fabrairun 2025, kuma 'yan sanda sun tsananta bincike a kan iyaka. Amma tsofaffi sun yi musu yawa, suna neman masu jinya da masu aikin wuta ido rufe. Tunda ya iya aikin lantarki, ya fara koyon Jamusanci, ya tattara takardun shaidarsa, ka turo mini hotonsu in kai ofishin da ke duba irin waɗannan.

Ka gaishe da mutanen majalisa. In wani zai taho, a aiko mini da kilishi da yajin daddawa, nawa ya ƙare tun azumi.

Naka har kullum,
Lawali